"In kana da kyau ka ƙara da wanka": wankan har da talla?

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum jama'a, ku raba mani gardama. Jiya da la'asar yayanmu da autanmu suka kusa ɓatawa a shagonmu na turare da ke babbar kasuwa. Auta ya kawo shawarar a biya wata mai tarin mabiya a TikTok ta tallata mana kaya, a kuma kai sanarwa gidan rediyo kafin azumi. Yaya ya ce ko sisi ba zai bayar a yi ta kururuta kayansa ba, yabon kai jahilci. Auta ya ce, "Yaya, ai in kana da kyau ka ƙara da wanka." Yaya ya ce ba nan ake sa wannan maganar ba, kuma rashin kunya ya yi mashi. Wa ke da gaskiya?

Na-Gobarau: Wa alaikumus salam. Yayanku ya fi kusa. Wankan gyaran haja ne: kwalba tsaf, shago a share, sakin fuska ga mai saye. Wanda ya yi wanka ai ba ya bin layi yana cewa a zo a dube shi.

Maman Ilham: Haba Malam, to don wa ake wankan? In a ɗaki za a kulle, ai asarar sabulu aka yi.

Baban Zara: Mu Katsinawa ai kirarinmu ne ya cuce mu. Kunya gare ku ba dai tsoro ba. Kana nan kana kunya, Bakano ya sayar da irin turarenka sau uku ya koma sari.

Na-Gobarau: Alhaji, ni ban haramta talla ba. Amma tsaya bakin tasha ka saurari masu maganin gargajiya da lasifika. Kwalba guda ta warkar da basir, ta warkar da shawara, ta kori sammu, ga batsa a gaban yara da surukai. Hadisi ya ce rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Wanda kuma ya ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan busasshe, kun san abin da Manzon Allah (SAW) ya ce mashi: wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Ummi Likita: Kuma sai su ɗaga kwalbar su ce ga lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Mutane ba su san cewa a kan maganin gargajiya, lambar galibi tana nuna an duba ba ya cutarwa ne, ba wai an tabbatar yana warkar da duk abin da aka lissafa ba. Ni abin da ya fi ci mani rai man bilicin ne. An ɗauki karin maganar nan an juya ta, yarinya baƙa kyakkyawa an sa mata a rai cewa wankan da ya rage mata shi ne ta koma fara.

Jikar Inna Daura: Ku dakata in ba ku labarin kakarmu, Allah ya jiƙanta. A Daura take, sana'arta daddawa. Ita ke dafa kalwarta kwana guda a kan murhu, ta surfe, ta wanke, ta rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta nuna, sannan a kirɓa a shanya. Wajen shekarun 1980 Maggi ya cika gari, ga waƙa a rediyo ga takarda mai ƙyalli, amare suka fara cewa daddawa wari gare ta, abin ƙauye ce. Ciniki ya ja baya. Maƙwabciyarta ta ɗora wa ɗiyanta biyu faranti suna zaga unguwa da kiran talla. Aka ce Inna ta ɗora mana mu ma, ta ce jikokinta ba za su yi yawon gidajen mutane ba, kuma ita bakinta ba zai yabi abin hannunta ba.

Sai ta ɓullo da wata dabara. Duk gidan da ake suna ko biki, tun da asuba za ta aika da daddawa kyauta ga masu girki. In an sauke miyar taushe an fara rabon tuwo, tana can gefe da carbinta kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Akwai wata dillaliya ƙawarta, mai murya kamar sanƙira. Da wata ta ce kai, miyar nan ta yi daɗi, sai dillaliyar ta ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji: "Ai dole, daddawar gidan Inna ce!" Washegari sai ka ga yara a ƙofar gidanmu da kwanoni. Da daddare kuma dillaliya ta zo ta karɓi la'adarta, har da ƙarin goro. Inna har ta koma ga Allah tana rantsuwa ita ba ta taɓa yin talla ba a rayuwarta.

Baban Zara: Allahu Akbar! Ashe Inna ta riga 'yan TikTok fara harkar. Ɗan Ƙofar Marusa, kai wa Yaya wannan.

Na-Gobarau: A'a, da bambanci. Sai da aka ci miyar kafin a yaba. Gani ya kori ji. Na yanzu kuwa cinikin biri a sama ne, hoto kawai ka gani ka tura kuɗi. Haka aka yi da damfarar zuba kuɗi ta MMM a 2016, aka sake da irinta ta CBEX a 2025, dukansu da daɗin baki aka ja mutane, kuma na kusa da su ne suka ja su.

Maman Ilham: To Malam, ai ka rusa hujjarka. Dillaliyar ma ta kusa ce, kuma biyanta ake yi.

Jikar Inna Daura: Ku bar kakata ta huta don Allah. Kuma duk da dabarar, yau ko a gidan namu sai an jefa dunƙulen Maggi biyu a miya.

Sarkin Zolaya: Ku kuna ta turare da daddawa. Ku zaga shataletalen gari ku ga masu wanka na gaskiya. Akwai wani bawan Allah, allon da ke ɗauke da hotonsa ya fi rijiyar burtsatsen da ya gina tsada. Rijiyar ta ƙafe tun bara, murmushinsa na nan bai ƙafe ba.

Baban Zara: Wannan ai ba kyau, sai wankan. Namu na mazaɓa kuwa a fosta ya fi ɗansa ƙuruciya.

Sarkin Zolaya: Bari 2027 ta ƙaraso, taliya da sabulu za su fito. Ka ga ma sabulun wankan a hannunka zai ba ka.

Ummi Likita: Akwai fa hukuma, ARCON, da ta maye gurbin APCON a 2022, doka ta ce ita ke tantance talla kafin a fitar. Har ta hana sa baƙin ƙasashen waje a tallan Najeriya tun Oktoban shekarar.

Sarkin Zolaya: Ta tantance alkawarin kamfe mu gani.

Ɗan Ƙofar Marusa: Jama'a, ni fa har yanzu ba a ba ni amsar da zan kai shago ba.

Kawu Mai'adua: Ɗana, mu a kara ranar Lahadi ba a yi wa sa wanka, haƙori ake dubawa. Amma dillali ko kwana guda bai taɓa fashin zuwa ba. Ka ɗauki wanda ya yi maka.

Hajjaju Kayan Mata: Salam 'yan uwa, akwai humra da turaren wuta 'yan Maiduguri, ga atamfa da leshi sabon shigowa, farashi mai sauƙi, muna aikawa ko'ina. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na-Gobarau: Inna lillahi. Wa ya shigo da wannan?

Maman Ilham: Hajiya, humrar nawa ce ƙaramar kwalba?