Gansakukar Tudu: Abin da Muka Tsinta a Zaman Malamai a Zuru

Taƙaddamar farko a kan suna aka yi ta. Gansakuka muke kiran koren da ke yawo a kan kududdufi, da ita kuma muke kiran lallausan tsiron nan mai kama da darduma da ke manne wa dutse da gindin mangwaro da damina. Na biyun muka zauna a kai, wanda ire-irensa a duniya sun kai kimanin 12,000.

Malamin da ya fi mu sani ya ce kada a yanke wa gansakukar hukuncin mutuwa da rani. Ba ta da saiwa ta gaske, ta jikinta take shan ruwa. Ya ɗiga ruwa a kan wata busasshiya da ya ɓamɓaro daga bangon rijiya, kafin mu shanye shayi ta yi kore shar.

Shawararsa ga ɗalibai: a fita nema a watan Agusta, a ɗebi kaɗan, a sa a ambulan ɗin takarda domin leda na ruɓar da ita, a rubuta wuri da rana. A Najeriya ta fi yawa a dazuzzukan kudu da tsaunuka irin su Obudu da Mambila, don haka 'yar wadda ke duwatsunmu ta cancanci a rubuta ta.

Abokan gabanta a nan su ne ƙunar daji, fasa dutse da sare itatuwa don gawayi. Wata malama ta ƙara da cewa gansakukar tana tara ƙarafa masu guba daga iska, ta tuna mana gubar dalmar Zamfara ta 2010. A ganina wannan ne zai fi saurin jawo hankalin hukuma.