Haɗa saƙar maza da ta mata a zanen bango ɗaya

Ɗalibin Zane, Garwa:
Assalamu alaikum. Ana shirya zanen bango kan 'yan daudu da audugar zamanin Turawa. Za a ɗinka fari na masaƙar maza a jikin gwado na masaƙar mata, sannan a yi aska takwas ta babbar riga a kan zanen ɗaurawa. Da aka wanke, ɗinkin duk ya tattare. Ina kuskuren?

Marini, Marwa:
Ɗana, ba a jiƙa su kafin ɗinki ba. Fari siriri ne, saƙarsa a matse. Gwado a sake yake, ya fi shi shan ruwa ya tsuke. Jiƙa kowanne daban, kwana ɗaya, ya bushe a inuwa, a buge shi. Ka haɗa baki da baki da allura, ban da keke. In shuni za ka tsoma, tsoma duka tare, ka riƙa fitarwa ya sha iska har koren ya koma baƙi-baƙi, ka maimaita. Aska a ƙarshe, in ba haka ba zaren ya rine.

Hajiya mai tarihi, Njamena:
Shekarun da za ka zana: kamfanin auduga na Cotonfran 1928 a Cadi, lokacin tilasta noman auduga, da kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON, 1974. Gabaga, siririn ƙyallen auduga da aka saƙa, kuɗi ce a da, ka sa ta.

Lauya, Ngaundare:
Malam, kada fuska ko sunan kowa ya fito. Sashe na 347-1 na dokar Kamaru ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar kan jima'i tsakanin jinsi ɗaya, kuma irin shigar tufafi kawai ta sha jawo kame.