Wace kalma za mu ba wa «must», «can» da «may» idan an kore su?

'Yan uwa malaman Ingilishi da na Hausa, ina so mu tsayar da suna guda ga rukunin kalmomin nan na Turanci da ake kira «modal verbs», wato can, could, may, might, must, shall, should, will da would, sannan mu samo yadda za mu yi wa ɗalibi bayanin korewarsu (wato idan an sa musu «not») da harshensa, domin yaranmu kan yi tuntuɓe a nan a jarrabawar WAEC da NECO.

Wasu daga cikinku sun kawo «aikatau mataimaki». Sunan yana da daɗin faɗa, amma ya yi faɗi, domin be, have da do su ma mataimaka ne, alhali kuwa ba halinsu ɗaya ba. Kalmomin da muke magana a kansu ba sa karɓar s ko da mai aikin mutum ɗaya ne, ba sa neman do kafin a kore su, kuma not tana manne musu kai tsaye, har a taƙaita a ce can't, mustn't, shouldn't. An kuma kawo «aikatau na yanayi», wanda ban gamsu da shi ba, saboda Bahaushe idan ya ji yanayi, zafi da sanyi ne ke fara zuwa masa a rai.

Abin da nake ba da shawara shi ne «mataimakin hukunci», kuma dalilina yana cikin karatun da yawancinmu muka yi a makarantar ilimi. A fiƙihu an koya mana hukunce-hukuncen shari'a: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi da haram. A tauhidi kuma an koya mana hukuncin hankali, wanda ya kasu uku: wajibi, mustahili (abin da ba zai yiwu ba) da ja'izi (abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi kasancewa). Waɗannan kalmomin Turanci aiki biyun nan suke yi daidai. Idan aka ce «you must pay», an ɗora maka wajibi ne irin na doka. Idan kuwa aka ce «he must be at home», ba wanda ya tilasta wa mutumin zaman gida. Mai magana ne hankalinsa ya yanke cewa lalle yana can.

Amfanin wannan suna ya fi fitowa a wajen korewa, domin yana ba mu damar tambayar ɗalibi tambaya guda: me aka kore, hukuncin ko aikin? «You must not go» ba ta kore wajibcin ba, aikin ta kore, wato wajibi ne kada ka tafi, tafiyar ta zama haram. Wanda yake nufin ba dole ba ne ka tafi, «need not» ko «don't have to» zai ce, kuma a nan hukuncin ne aka ɗage, tafiya da zama duk suka halatta. Tazarar da ke tsakanin «kada ka sha maganin» da «ba dole ba ne ka sha maganin» ba ƙarama ba ce ga wanda yake karanta takardar likita, shi ya sa nake ganin lamarin ya wuce batun cin jarrabawa.

Haka nan a ɓangaren hankali, kishiyar «he must be at home» a Turancin Ingila ita ce «he can't be at home», ma'ana kasancewarsa a gida mustahili ne. «May not» kuwa fuska biyu gare ta. A «you may not enter» izini aka hana, an kore hukunci. A «she may not come» yiwuwar tana nan daram, zuwan ne ake shakka, wato mai yiwuwa ba za ta zo ba. Don haka ina ganin mu riƙa cewa «korewar hukunci» da «korewar aiki», mu kira kalmar kanta «korarren mataimakin hukunci».

Akwai ƙorafi biyu da na san za a yi. Na farko, mai yiwuwa ɗalibin da bai bi ta makarantar ilimi ba ya ɗauki hukunci da ma'anar horon kotu. Amsata ita ce ko a kotu asalin kalmar yanke magana ne, kuma bayani na minti ɗaya ya wadatar. Na biyu ya fi nauyi: will da won't sau da yawa lokaci mai zuwa suke nunawa, kuma a «the car won't start» abin da ake nufi shi ne motar ta ƙi tashi, wanda ya fi kusa da ƙi fiye da hukunci. Haka ma «she can't swim», rashin iyawa ne kawai. A kan won't da can't ɗin nan nake neman ra'ayin malaman nahawu: shin mu bar su ƙarƙashin sunan nan, ko mu ware musu «korewar nufi» da «korewar iyawa» a matsayin rassa?