Danjar tirela tana ƙiftawa in na taka birki, wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Musa Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu gyara. Babbar mota ƙirar Actros nake ja, ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Injamena. Wutar kan mota lafiya lau take, ta tirela ce ta hana ni sakat. In na kunna siginar hagu kuma na taka birki, sai danjar duka biyu su riƙa ƙiftawa tare, haskensu ya dushe kamar aci-balbal. Wani direba da ya biyo bayana ne ya tsayar da ni a Figil ya faɗa mini. Abin haushin, a gareji ba ta yi, sai an hau hanya. An sauya ƙwai, an sauya fiyus, jiya i yau. Wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Malam Abba mai wuta, Marwa:
Wa alaikumus salam. Musa, daina ɓarnar kuɗi a kan ƙwai, mas ɗinka ne ya saki, wato hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Kowace fitila tana karɓar wuta ta waya ɗaya, ta mayar ta jikin ƙarfen mota ko ta wayar mas. In hanyar komawar ta yi tsatsa ko ƙusarta ta kwance, wutar ba ta haƙura, sai ta bi ta cikin wani ƙwan ta nemi mafita. Shi ya sa kake ganin birki da sigina suna raba haske. Irin wannan aiki ba ya yanke mini a gareji, musamman motocin da ke bin Mora, Waza, Dabanga zuwa Kusiri, inda girgiza ke kwance kowace ƙusa.

Ga gwajin da nake yi kafin in taɓa komai. Samu doguwar waya, ɗaura kanta ɗaya a mainos na batir, wanda ya sauka jikin shasi, ɗaya kan kuma ka taɓa mas ɗin fitilar baya. Yaro ya taka birki ya sa sigina. In haske ya dawo daidai, magana ta ƙare. Sai ka bi hanyar: bayan fitila, sannan soket. A soket mai ƙafa 7, ƙafa ta 1 ita ce mas, farar waya. Ja na birki ne, rawaya siginar hagu, kore ta dama, baƙi da ruwan ƙasa na fitilun dare. Amma kada ka rantse da launi, tirelolinmu hannu da yawa sun bi ta kansu.

Alhaji Isa, Mundu:
Malam Abba ya yi gaskiya, sai dai ni tawa ba a bayan fitila take ba. Murɗaɗɗiyar wayar nan da ke tsakanin kai da tirela ce. Tana gogar ƙarfe duk lokacin da na sha kwana, har ta tsinke daga ciki, robar waje kuwa sumul ba alama. A hanyar Tuboro ta riƙa ɗauke mini wuta tana mayarwa. Yadda aka gano, an kunna komai, mutum ɗaya yana baya yana kallo, ɗaya yana jijjiga wayar kaɗan-kaɗan. Musa, tunda matsalarka a tsaye ba ta yi, jijjiga wayar tukuna ɗana.

Hamza yaron mota:
Mu da damina ta same mu. Ruwa ya shiga soket, ƙafafun suka yi kore shar. Maigidana ya sa na goge da sanfefa, muka ɗan buɗa ƙafafun da bakin sukundireba, aka shafa giris. Tun daga nan in za a wanke mota ba na bari a harba ruwa a wurin.

Umaru Kusiri:
Tunda an buɗe zancen wuta, ga tawa ko da ba iri ɗaya ba ce. Ƙwan fitilar gaba ne ke mutuwa mini kusan kowace tafiya, yau hagu gobe dama. Na zargi masu sayarwa, na ce jabu suke ba ni. Da aka ɗora mita a kan batir inji na aiki, sai ga shi ya haura volt 30. Motar da ke kan volt 24 cajinta wajen 28 yake tsayawa. Abin da ke daidaita cajin altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, shi ne ya lalace, yana dafa ƙwai yana ƙona ruwan batir. Aka sauya shi, shiru kake ji. Kuma yara, in za ku sa ƙwan halojin kada ku kama gilashin da yatsa, maiƙon hannu na rage masa kwana.

Malam Abba mai wuta, Marwa:
Umaru ka tuna mini. Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon ku bari don Allah: jan waya daga batir ɗaya don rediyo, fanka ko cajin wayar hannu, wai ana neman volt 12. Batir biyun jere suke, caji ɗaya ke bi ta cikinsu. Wanda ake tatsa kullum yana ƙasa, ɗan uwansa yana shan cajin da ya fi ƙarfinsa, ƙarshe duka biyun su tafi, kai kuma kana mamakin me ya sa fitila ke yin ja in ka kashe inji. Akwai ɗan akwatin da ke sauke 24 zuwa 12, shi ake sawa.

Bappa Sale, Ngaundere:
Ni abin da na gani da idona a gangaren Wak, kan hanyar Ngaundere zuwa Garwa, ya ishe ni. Wani bawan Allah fiyus ɗinsa na ta yankewa, ya naɗa masa zaren waya ya ci gaba da tafiya. Ana cikin gangara da dare hayaƙi ya turnuƙe masa cikin kan mota, wutar gaba ta ɗauke gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ya samu gefe, mu muka tsaya muka cire masa kan batir. Wayoyin bayan dashbod sun narke sun manne da juna. Fiyus ba ya yankewa a banza, wata waya ce ta feɗe tana taɓa ƙarfe. In na amfiya 10 ne a wurin, na 10 za ka mayar, sannan ka nemi inda ta feɗe.

Musa Garwa:
Allah ya saka da alheri. Mun yi gwajin doguwar waya, haske ya dawo nan take. Ƙusar mas ta bayan danjar hagu ce tsatsa ta cinye. An kankare ƙarfen har ya yi fari, an sa sabuwa da washa. Alhaji, mun jijjiga murɗaɗɗiyar wayar ma, ita lafiyarta lau.

Alhaji Isa, Mundu:
Madalla. Malam Abba, saura tawa tambayar. Na sa fitilun LED a sabuwar tirela saboda ba su damu da girgiza ba, yanzu sigina tana ƙiftawa da sauri, allon gaba kuma yana nuna ƙwai ya mutu alhali yana ci.

Malam Abba mai wuta, Marwa:
Alhaji, ƙwan sigina na asali wat 21 ne, LED ba ya jan ko kusa da haka, sai motar ta ɗauka ƙwan ya mutu. Ko a ƙara wa kowace sigina rezisto, ɗan abin da zai sa ta ja wuta kamar ƙwan asali, ko a gyara saitin a kwamfutar motar in tana karɓa. In rezisto za a sa, a ɗaure shi jikin ƙarfe nesa da roba, yana zafi sosai. Faɗa mini irin kan motar da shekararta in san wanne ya dace da kai.