Bodin mota na jan mutum idan na haɗa caja da janareta

Assalamu alaikum, masu aikin wutar mota. Ina Katsina, ina da Hiace da na mayar wurin kwana. Batirin cikin ɗaki mai 12V 200Ah ne, caja biyu ke ba shi wuta: ɗaya mai 30A daga altanetar mota, ɗaya mai 20A daga janareta.

Da zarar na jona cajar janareta, ƙofar mota sai ta riƙa jan hannu, musamman in mutum ba takalmi. Na auna tsakanin bodi da ƙarfen da na kafa a ƙasa mai danshi, mita ta nuna wajen 90V AC. Ina cire fulogin, ya koma sifiri.

Na ƙara kaurin wayar nagatif daga 6mm² zuwa 16mm², na goge tsatsa da fenti da samfefa har ƙarfen shasi ya fito fes, na ɗaure noti tam. Wannan ya gyara cajin altaneta, daga 13.1V ya haura 14.2V, wayar ma ta daina zafi. Amma jan nan yana nan. Na canza fulogi, ba sauyi. Janaretan ƙarami ne, ba a kafa masa ƙarfen ƙasa ba, kuma wayar cajar mai kore da rawaya, wato wayar kariya daga jan wuta (earth), tana lilo, ban haɗa ta ko'ina ba. Yara na shiga motar nan, shi ya sa na dakatar da komai.

Don Allah, wayar nan mai kore da rawaya a shasi zan ɗaure ta tare da nagatif ɗin batir, ko jikin janareta da ƙarfen ƙasa za ta koma?