Neman kalma: me za mu kira buɗe kwaɗo da ƙwanƙwasa makulli?

Mai yankan makulli, Tsohuwar Kasuwa:
Assalamu alaikum. Jama'a, ga wata kalma tana neman gida. Masu sha'awar kwaɗuna, waɗanda ke koyon buɗe su ba da makullinsu na asali ba, suna da dabarar da Turawa ke kira bumping. Ana samun makullin da ke shiga bakin kwaɗon, a yanke kowane gurbinsa har ƙasa, sai 'yan tudu ƙanana tsakanin gurbi da gurbi. A zura shi, a ƙwanƙwasa ƙeyarsa, a murɗa. Samari suna cewa "bamfin". Wani sabon shiga ya kawo kuka a kan tsohon kwaɗon tagulla: ya yi ta bugu har kafaɗar makullin ta lotsa bakin kwaɗon, ko gezau. A ganina rashin suna mai kyau yana cikin abin da ya wahalar da shi.

Ɗalibi, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ai "bugun makulli" ya wadatar, kowa zai gane.

Maƙeri, Maƙera Assada:
A'a ɗana. In anka ce ma yaro bugu, guduma za shi ɗauka, kuma nan aikin ya ɓaci. Wanga aiki ba na ƙarfi ba na. Cikin kwaɗon akwai zuciya wadda makulli ka juyawa, da ramu huɗu ko biyar. Kowane rami na da fil biyu, na ƙasa da ke taɓa makulli da na bisa da sifirin ke dannowa. Na bisa shi ka gitta iyakar zuciya da gangar jiki, ya hana juyawa. In tudun makulli ya daki fil na ƙasa, ƙarfin yana wucewa ga na bisa, shi ya yi sama, na ƙasa ya tsaya wurinai, kamar ƙwallayen sinuka. Cikin ƙiftawar ido iyakar ta zama fayau, a nan aka murɗawa. In ka maka mashi da ƙarfi, duka biyun za su tashi tare, na ƙasa ya zo ya toshe iyakar da kake son buɗewa.

Malamar Hausa, Arkilla:
Baba ya gama da "bugu". "Bamfin" kuwa ba laifi ba ne don aro ne, ai sifirin da sukundireba ma aro ne. Matsalarsa ba ya gaya wa hannu komai, kuma bai da aikatau mai daɗin faɗi. "Ɓalle kwaɗo" da "fasa kwaɗo" sun riga sun zama na ɓarayi, kuma suna nufin an lalata shi. "Girgiza" ta fi dacewa da wata dabarar daban, wadda ake kai da komowa da ƙarfe a ciki. Abin da Baba ya kwatanta, tashi farat ɗaya a dawo, Hausa tana da shi: zabura. Mai barci ya zabura, mahayi ya zaburar da doki. Ina ba da shawarar "zaburar da kwaɗo", makullin kuma "makullin zabura".

Ɗalibi, Runjin Sambo:
Malama, to "ƙwanƙwasa" fa? Ita ma ba ta da ƙarfi a ciki.

Malamar Hausa, Arkilla:
Tana da kyau, amma rabin aikin ta faɗa. Mai gyara yana ƙwanƙwasa kwaɗon da ya cije don tsatsa ta saki, wannan ma ƙwanƙwasa ce. A bar ta a matsayin sunan matakin: ka ƙwanƙwasa, fil ya zabura.

Injiniya, Gawon Nama:
Na goyi bayan zabura, don da ita za a iya yi wa sabon shigan nan tambayar da ta dace: shin akwai abin da zai zabura a cikin kwaɗonka? Dabarar ta kwaɗo mai fil da sifirin ce, irin wanda Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861. Tsofaffin kwaɗuna da yawa ba haka suke ba. Akwai mai shinge a ciki, wanda makullinsa ke da tsaga hagu da dama, ba fil ko ɗaya. Akwai mai faifai irin Abloy na Finlan, shi kuma faifansa ba su da sifirin. Waɗannan ko shekara aka yi ana ƙwanƙwasa ba za su buɗe ba. Gwajin mai sauƙi ne: zura siririyar waya ta gefen da haƙoran makulli ke bi, ka jawo a hankali. In ka ji ƙas, ƙas, abu na dannuwa yana dawowa, fil ne, ka ƙirga su.

In fil ɗin na nan, sai a duba datti. Ƙurar hunturu ta garin nan in ta haɗu da baƙin mai ko man gyaɗa da aka ɗiga wa kwaɗo shekaru, sai ta zama danƙo. Makullin asali zai iya ture fil ɗin da ƙarfin hannu, amma ba zai tashi da kansa ba. A jiƙa kwaɗon cikin kananzir ya kwana, a kakkaɓe, a shanya ya bushe sarai, sannan a goga bakin fensir a jikin makulli a zura a fitar sau da yawa. Kada a haɗa garin fensir da mai, kwaɓi zai koma. Fil ɗin da aka danna bai dawo ba, sifirinsa ya mutu ko ya karye. A kafa kwaɗon yadda sifirin ke sama, nauyin fil ya taimaka. In bai yi ba, a nemi wani kwaɗon koyo.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: kwaɗo mai tsada da aka ƙera daidai wa daida ya fi saurin zabura a kan mai arha da ya sake. Masu bincike biyu na TOOOL, ƙungiyar masu sha'awar buɗe kwaɗuna a Holan, Barry Wels da Rop Gonggrijp, sun nuna haka a 2005. A sakakken kwaɗo ƙarfin yana watsewa cikin rawar da zuciyar ke yi. Tsohon kwaɗo ya goge, ya sake, don haka shi ne mafi wuya ga mai koyo.

Maƙeri, Maƙera Assada:
Ka manta guda, Injiniya. Kwaɗon da ke lilo ga sarƙa ko ga tafin hannu shina shanye bugun. A ɗaure shi ga bayis, wato ƙarfen da ka matse abin aiki, a sa fata ko tsumma kada ya kwarzane. Kuma kwaɗo ba kamar kubar ƙofa ba na: hannunai na da sifirin da ke jan maƙalai na ciki. A danna hannun ciki kaɗan, zuciyar ta samu sauƙin juyawa.

Mai yankan makulli, Tsohuwar Kasuwa:
Madalla. Bari in ƙara na ɓangaren makulli. Hanya biyu ce. Ko a zura shi duka a jawo baya ƙas ɗaya kafin kowace ƙwanƙwasa, ko a goge kafaɗa da bakinsa da magagari kamar rabin milimita, yadda sifirin zai riƙa turo shi baya da kansa. A wuce haka, bakin makullin ya riƙa dukan abin da ke bayan zuciya. Tudun su zama masu gangara, in sun miƙe tsaye makullin zai maƙale. Ƙotar sukundireba ta roba ta isa a ƙwanƙwasa da ita. Murɗawa kuwa da ɗan yatsa, sako-sako, kuma tana bin ƙwanƙwasa a baya kaɗan. Wanda ya murɗa tun farko ya matse fil ɗin a bango, ba zai tashi ba. Nan ne mafi yawan masu koyo ke faɗuwa, sai su ƙara bugu a maimakon su rage murɗa.

Malamar Hausa, Arkilla:
To a rubuta: zaburar da kwaɗo, makullin zabura, kwaɗon da ya ƙi kuma a ce ba ya zabura. Ɗaga fil ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙarfe ina ganin "sakace" ta dace da shi, amma a buɗe masa tasa tattaunawar.

Mai yankan makulli, Tsohuwar Kasuwa:
An karɓa, Malama. Mai son a yanka masa makullin zabura ya zo da kwaɗon a hannunsa, a buɗe, tare da makullinsa na asali. Kuma kada ya zama wanda ke kulle shago ko ɗaki, don kowace ƙwanƙwasa tana cin fil da sifirin, wata rana makullin asalin ma zai ƙi juyawa.