Wa ya taɓa gwada manyan manhajojin Rasha a tsohuwar kwamfuta? Ku kawo abin da kuka gani

Mai gyara na Adum

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, da wuya rana ta wuce ba a shigo shagona da laftof ana tambayar yadda za a yi ba. Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutanenmu na Zango a nan Kumasi gwanjo ne daga Turai, ba su da na'urar tsaro ta TPM 2.0 da Windows 11 ke nema, alhali lafiyarsu ƙalau. Raina yana ɓaci in ga an kwashe irinsu an kai wa masu gwangwan a Akwatia Line.

Mafita ita ce a sauya Windows da wata babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya. Ubuntu da Mint na dangin Linux kowa ya san su, ba su nake tambaya ba. Ina so mu yi maganar waɗanda ba a cika jin sunansu ba, musamman na Rasha. A watan Maris 2022 Microsoft ta dakatar da sabon ciniki a ƙasar, sai na ce bari in ga abin da suke dogaro da shi.

Na fara da Simply Linux, ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan ALT Linux. Na ɗora ta a wata laftof mai RAM giga 2. Tun a farkon tashi akwai wurin zaɓen harshe, na ɗauki Turanci, aikin ya tafi sumul. Fuskarta, wato teburin da kake gani a allo, Xfce ce, ba ta da nauyi, kuma ta zo da LibreOffice na aikin ofis da burauza da abin kunna bidiyo. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kunshin manhajojinta irin na RPM ne, amma da umarnin apt-get ake saka su, wato wanda ya saba da Debian, wata sananniyar Linux mai amfani da wannan umarnin, hannunsa ba zai ɓata ba. Rumbun manhajojin nasu ne na kansu, sunansa Sisyphus. Mai laftof ɗin ɗinki take yi, lissafin kwastomomi da kallon samfurin kaya kawai take buƙata, kuma har yau ba ta dawo da ƙorafi ba.

Ɗalibin Tech

Wa alaikumus salam Yaya. Ni KolibriOS ce ta tsaya mini a rai. Babbar manhaja ce sukutum da ke shiga faifan fulofi na mega 1.44. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya fi ta girma. An rubuta ta da asambili, harshen da ya fi kusa da injin kansa, kuma ta balle ne daga MenuetOS a 2004. Yawancin masu gina ta 'yan Rasha ne da maƙwabtansu.

Na gwada ta a wata tsohuwar Pentium 4 da ke jibge a ɗakin kawuna a Aboabo, ƙura ta rufe fankar har sai da na hure ta. Ina danna maɓalli, kafin in ja kujera in zauna tebur ya riga ya bayyana, da gumaka reras: Tinypad na rubutu, Eolite na duba fayiloli, wasanni irin su Tetris. Na kashe na sake kunnawa don ƙannena su gani da idonsu. Ba za ka yi aikin ofis da ita ba, burauzarta ta shafuka masu sauƙi ce, kuma intanet ta waya na haɗa mata. Amma ga wanda ke karatun kwamfuta, makaranta ce. FASM, mai mayar da rubutun asambili ya zama shiri, yana cikinta, sai ka rubuta ɗan shiri ka haɗa shi nan take ka ga taga ta buɗe. Abin da aka yi ta zana mana a allo game da rajistocin firosesa, a nan na fahimce shi.

Malamin Asawase

Allah ya yi muku albarka. Ni ba masani ba ne, makarantar Islamiyya nake koyarwa, kuma bukatata ɗaya ce. Takardun da nake buga wa yara suna da Larabci da Hausa a shafi ɗaya. Shin waɗannan na Rasha suna iya rubutu daga dama zuwa hagu? Kuma ɓ da ɗ da ƙ fa? Na gaji da rubuta "kasa" inda nake nufin "ƙasa", yara suna karantawa ba daidai ba.

Mai gyara na Adum

Amin Malam. Albishirinka: a duk wata Linux da na taɓa, har da ta Rasha, in ka shiga saitin kibod ka duba ƙarƙashin Ghana za ka tarar da Hausa, akwai kuma wata ƙarƙashin Najeriya. Ba Rashawa ne suka yi ta ba, jerin kibod ne da duk Linux ke rabawa, shi ya sa take ko'ina. Sai ka ƙara Larabci, ka riƙa juyawa tsakaninsu da maɓalli biyu. A LibreOffice kuma sai an kunna saitin harsuna masu sarƙaƙiyar rubutu, daga nan maɓallin dama-zuwa-hagu zai fito a sama. Ka sa font ɗin Amiri, wasulla suna zama daram a kan haruffa. Amma wannan duk a Linux ne, kada ka nemi haka a Kolibri.

'Yar Sawaba

Sannunku. Ni ReactOS na gwada, kuma ina so in gyara wani abu da nake yawan ji. Ba ta Rasha ba ce zalla. Wanda ya daɗe yana jagorantar aikin, Aleksey Bragin, ɗan Rasha ne, amma masu gina ta suna warwatse a ƙasashe da yawa, kuma ƙungiyar da ke karɓar gudummawarsu a Jamus take. Kuma ba Linux ba ce ko kaɗan. Tun 1998 suke ƙoƙarin sake gina Windows daga tushe, ba tare da sun taɓa lambobin Microsoft ba, wato rubutun shirin da aka gina Windows da shi, ta yadda manhajoji da direbobin zamanin XP da Server 2003 za su yi aiki a kanta.

Dalilina na gwadawa: a shagon magani na babanmu akwai wata tsohuwar manhajar lissafin kaya da ba ta tashi sai a XP. Na saka ReactOS 0.4.15, wadda ta fito a Maris 2025, a cikin VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin taka. Da ta buɗe sai na ji kamar na koma kafe ɗin da muke zuwa muna yara, maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, komai a inda ka san shi. Manhajar lissafin ta shiga, ta buɗe, na shigar da kaya na gwaji, ta fitar da jimla daidai. Na yi murna sosai.

Duk da haka ban mayar da lissafin shagon kanta ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya yi ba. Su da kansu sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa har yanzu tana matakin alfa, wato gwaji, kuma a yi hattara da muhimman bayanai. Mutanen da suka faɗa maka gaskiya haka sun cancanci ka ji maganarsu. Ga kuma ɗauke wuta irin tamu. Abin da na yi a ƙarshe shi ne na ɗora Linux, na tayar da manhajar ta cikin Wine, shirin da ke tayar da manhajojin Windows a Linux, wanda dama shi da ReactOS suna musayar lambobi. A haka Baba yake aiki yanzu.

Ɗan Tafo Zango

Ku yi haƙuri, ni dai hankalina bai kwanta ba. Na ji an ce sojojin Rasha da ma'aikatun gwamnatinsu suna amfani da irin waɗannan. In saka kalmar sirrina ta banki a ciki?

Injiniyan Suame

Ƙanena, tambayarka a kan hanya take. Wadda ka ji labari ita ce Astra Linux, an gina ta a kan Debian, kuma da gaske hukumomin Rasha har da soja suna amfani da ita. Amma ba ta cikin sahun da muke magana, domin bugunta na musamman sayarwa ake yi, kuma teburinta mai suna Fly ba buɗaɗɗe ba ne, wato ba a bayyana lambobinsa ga kowa ba. Ko a gidan ALT ma a karanta lasisi, akwai bugun da kyauta ne ga mutum a gidansa amma kamfani sai ya biya.

Game da amana, buɗaɗɗen tushe yana nufin kowa na iya dubawa, ba ya nufin ni ko kai mun duba. Ni abin da nake yi: ina saukewa daga shafin masu ita kawai, in gwada lambar SHA256, wadda ke nuna ko an taɓa fayil ɗin, da wadda suka wallafa, sannan harkar kuɗi ina barin ta a kan wadda idanu da yawa ke kanta, kamar Debian. Haka nake yi wa Deepin ta Sin da Pardus ta Turkiyya, ba Rasha kaɗai ba.

Na kuma zauna da ROSA Fresh, ita ma Linux ta Rasha, jikar wata tsohuwar Linux mai suna Mandriva, mai fuskar KDE. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma tana son inji mai ɗan ƙarfi. Inda na fi jin nisa shi ne neman taimako. Katin Wi-Fi na laftof ɗina irin mai buƙatar direba na daban ne, kuma amsar da na samu tana cikin wata tattaunawa da Rashanci. Na kwafa na fassara da waya, layi-layi, har ya yi. Ni na ji daɗin wannan, amma ka tuna da Hajiyar da ke sayar da atamfa a Kejetia wadda Wi-Fi ya ɗauke mata ranar kasuwa. Yaya na Adum, in ka ɗora wa kwastoma irin wannan, kai ne kaɗai likitansa a duk Kumasi, sai ka shirya wa hakan.

Ɗalibin Tech

Kafin a wuce, Haiku. Ba ta Rasha ba ce, magajiyar wata tsohuwar babbar manhaja ce mai suna BeOS, an fara ta a 2001, kuma beta ta biyar ta fito a Satumba 2024. Sauri kamar me, tagoginta masu ɗan kunne rawaya a sama. Sai dai mutum ɗaya aka yi ta dominsa, ba ta tambayar kalmar sirri in ta tashi, don haka ba ta dace da kwamfutar da ake rabawa a gida ko kafe ba.

Malamin Asawase

To na fahimta. Simply Linux zan gwada in Allah ya so. Sai dai datata ba za ta ɗauki saukewar ba, kuma ina da tsohuwar firinta da nake tsoron kada ta ƙi.

Mai gyara na Adum

Malam kada ka kashe sidi ko ɗaya a data. Ina da filash da na saka wa Ventoy, mai ba ka damar tayar da manyan manhajoji da yawa daga filash ɗaya, duk waɗanda aka ambata a nan suna ciki ban da Astra. Ka turo yaro da laftof ɗin da firintar da wayarta ta USB ranar Asabar bayan Azahar. Za mu tayar da Simply Linux daga filash ba tare da an goge komai ba, mu buga shafi ɗaya na Larabci da Hausa. In ya fito yadda kake so, sannan mu kwashe takardunka gefe mu girka.